Ku Tambaya, Masana Su Amsa: An Gina Rukunin Shaguna a Tsakiyar Gari, Wa Zai Gyara Bakin Titi?

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan magana ɗaya suka taru: manyan gine-ginen shaguna da 'yan kasuwa da ma'aikatun magajin gari ke tayarwa a tsakiyar garuruwanmu na arewacin Kamaru, da abin da ke samun filin da ke kewaye da su. Mun miƙa tambayoyin ga injiniyan hanyoyi da magudanan ruwa, da mai tsara birane, da lauyan harkokin kasuwanci. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma ɓoye sunayen masu su.

Daga wani tela, Garwa: Assalamu alaikum. Shagona yana bayan wani sabon rukunin shaguna mai hawa biyu. Kafin a gina shi fili ne, kuma ruwa bai taɓa shigo mini ba. Yanzu ko ruwan rabin awa aka yi sai na ɗage keke bisa tebur. Mai ginin ya ce ai ya yi kwata, laifin meri ne, wato ma'aikatar magajin gari. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da lissafi, don shi ne zai raba gardamar. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne daidai. A ce rufin ginin ya kai murabba'in mita 3,000, daɓen gabansa da wurin ajiye motoci kuma 2,000. Idan aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Garwa cikin watan Agusta, lita 250,000 ke nan ta sauka a wurin, wato duro mai cin lita 200 har 1,250. A da, lokacin da wurin yake fili, ƙasa tana shanye wani kaso, ciyawa da ramuka suna riƙe wani, sauran ya gangaro a hankali. Kwano da siminti ba sa shan komai. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan nan yana fitowa ne cikin 'yan mintoci, ya nemi inda ya fi gangara, kuma da alama shagonka ne.

To mai ginin ya ce ya yi kwata. Abin tambaya shi ne girmanta, da gangararta, da inda take zubarwa. Kwatar kankare mai faɗin santimita 40 da zurfin 40, idan tana gangara santimita 1 a kowace mita 2 kuma cikinta tas yake, tana iya ɗaukar lita 130 ko fiye a daƙiƙa. Ruwan da muka lissafa, in ya bazu a awa guda, lita 70 ne a daƙiƙa, amma ruwan damina ba ya zuwa da tsari; a mintoci goma sha biyar na farko yakan ninka haka. Ka ga tun tana sabuwa ma kwatar da ƙyar take isa. Yashi ya cika rabinta kuwa, abin da za ta iya ɗauka ba zai kai lita 40 ba, domin yashin ya rage wuri kuma ya rage gudun ruwan. Shi ya sa ga gini irin wannan ba a yin ƙasa da 60 bisa 60, kuma wannan ma kafin a haɗa da ruwan titin kansa.

Abubuwa uku za ka duba da idonka ranar da babu ruwa. Na farko, bi kwatar har ƙarshenta. Sau da yawa mai gini yana yin ta iyakar tsawon katangarsa, ta ƙare a sarari, ruwan ya fito da ƙarfinsa ya bi layin maƙwabta. Kwata dole ta haɗu da babbar lambatu ko ta kai mayo, wato rafi. Na biyu, duba ko bututun da ke sauko da ruwan rufi suna shiga kwatar ne ko kuwa a kan daɓe suke zubarwa. Na uku, duba murfin. Idan an zuba kankare an like ta gaba ɗaya, ba mai iya yashe ta, kuma shekara biyu ta isa ta toshe. Murfin kirki gunduwa-gunduwa ne, kowane bai wuce mutum biyu su ɗaga ba, sannan kowace mita 25 zuwa 30 a yi rami mai zurfi fiye da gindin kwatar da kamar santimita 30, inda yashi zai kwanta a riƙa kwashewa.

Game da laifi: ruwan da rufinsa da daɓensa suka tara nasa ne har ya kai shi magudanar gari. Babbar magudanar kuma ta meri ce. Dokar tsara birane ta Kamaru ta 21 ga Afrilu 2004 ta wajabta izinin gini, magajin gari ne ke ba da shi, kuma zanen da aka kai don neman izinin yana nuna yadda za a fitar da ruwa. Ku haɗu ku maƙwabta ku rubuta takarda ɗaya, ku haɗa da hotunan ruwan da kwanan watan da aka ɗauka, ku sanar da jauro ko lawan ɗin unguwa, ku kai sashen fasaha na ma'aikatar magajin birni, ku nemi a zo a gwada abin da aka gina da abin da ke zane. Ku karɓi shaidar cewa kun ajiye takardar. Ku yi haka tun watan Maris ko Afrilu. Takardar da aka kai a Agusta sai dai ta yi amfani baɗi.

Daga wata mai tuyar ƙosai da kunu, Marwa: Shekaru da yawa ina sana'a a bakin titin da yanzu aka ce za a gyara saboda sabon ginin shaguna. Kullum ina biyan kuɗin tikiti. An ce mu tashi. Tikitin da nake biya bai ba ni haƙƙi ba?

Amsa: Hajiya, gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci: tikitin kuɗin zama ne na ranar, ba ya mallaka miki wurin. Dokar filayen gwamnati ta 6 ga Yuli 1974 ta sa titi da gefensa cikin dukiyar jama'a, wadda ba a sayarwa kuma daɗewa a kanta ba ya mayar da ita ta mutum. Duk izinin zama a wurin na wucin gadi ne, hukuma tana iya janye shi. Don haka kada wani ya karɓi kuɗinki da sunan zai kai ƙara a bar miki wurin.

Amma tikitin ba takardar banza ba ce. Shi ne shaidar cewa meri ta san da zamanki, kuma idan aka zo rabon sabon wuri da shi za ki shiga jeri. Ki tattara duk wanda kike da shi. Ku masu sana'a a layin ku yi jerin sunayenku da kanku tun kafin a fara aiki: suna, irin sana'a, shekarar fara zama, faɗin wurin da kowa ke ci. Ku sa jauro ya sa hannu, ku kai kwafi ma'aikatar magajin garin yankinku, tunda Marwa kashi uku ce, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ku kai wani kwafin ma'aikatar magajin birni. Dalili shi ne, da zarar an ji za a raba rumfuna, sunayen mutanen da ba su taɓa soya ko ƙwai a wurin ba sai su cika takarda.

Ga masu tsara aikin kuma, in suna karantawa: korar masu ƙananan sana'a ba ta ɗorewa. Mai ƙosai ba ta zauna a nan don tana son ƙura ba. Nan ne mutane ke wucewa. A kai ta wata kasuwa a bayan gari, bayan mako uku za ta dawo, sai dai yanzu ba tikiti, ba tsari, kuma a tsakiyar hanyar masu tafiya. Abin da ke aiki shi ne a yanka mata wuri cikin zanen tun farko. Idan gefen titin ya kai mita 5, a bar mita 2 a buɗe ga masu tafiya a ƙasa, ba tebur ba benci, a ba masu sana'a mita 2 a jikin katanga, sauran mita 1 ta ɓangaren titi ta zama ta itatuwa da turakun fitila. Kowace rumfa mita 2 bisa 1.5 ta isa mai tebur. Masu wuta, wato masu tuya da masu tsire da masu shayi, a haɗa su gefe ɗaya, nesa da ƙofar shiga da nesa da masu sayar da fetur a kwalba, a yi musu daɓen kankare maimakon pave, wato jerarrun duwatsun siminti, don mai yana shiga tsakanin duwatsu ya yi wari, a ja musu famfo ɗaya da ramin zubar da ruwan wanke-wanke mai raga. In ba a yi wannan ramin ba, kwatar ruwan sama za ta koma wurin zubar da ƙanzo da mai. Mai ginin ma ribarsa ce: ma'aikatan shagunansa a wurinki za su karya kumallo.

Daga wani ɗan kalando, wato mai babur ɗin haya, Gaundare: An yi wa motoci fili a gaban ginin, mu kuwa masu gadi suna korarmu. Amma mu ne muke kawo yawancin masu sayayya. Yaya ya kamata a yi?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan kuskure ne da ake kwafowa daga zanen wasu garuruwa. A Garwa da Marwa da Gaundare babur ne motar haya. Wurin mota ɗaya mita 2.5 ne bisa 5, in aka haɗa da hanyar juyawa ya kai murabba'in mita 25. Babur ɗaya mita 1 bisa 2 yake ci, da hanyarsa kamar murabba'in mita 3 da ɗoriya. Wato wurin mota ɗaya zai ɗauki babur bakwai ko takwas. A cire wurin motoci goma sha biyu, an samu na babur kusan ɗari.

Sai a bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai babur ɗin mai sayayya ko mai shago, wanda zai yini a ajiye. Wannan a kai shi gefe ko baya, a yi masa inuwa da ƙarfen ɗaure sarƙa da mai ba da lamba. Akwai kuma ku masu haya, da ba ajiya kuke yi ba, saukewa da ɗauka kuke. Ku abin da kuke buƙata shi ne a shigar da bakin titi ciki da kamar mita 2.5, tsawon mita 15 zuwa 20, a shiga ta gefe ɗaya a fita ta ɗaya, kuma kada ya wuce taku talatin zuwa arba'in daga ƙofa. In ya fi haka nisa, matar da ta fito da kaya a hannu ba za ta taka ba, za ta ɗaga hannu daga bakin ƙofa, ku kuma za ku zo. Kada a sa wurin a kan kwana ko dab da mahaɗar hanya. A bar aƙalla mita 15. Fenti kaɗai ba ya hana babur hawa hanyar masu tafiya. Dutsen bakin titi mai tsayin santimita 15 ke rage hakan, da turaku a inda aka kwantar da dutsen don keken guragu, a bar tsakaninsu kamar mita 1.2.

Ku je da shugabannin ƙungiyarku, ba ɗaya-ɗaya ba, ku ce za ku sa mutum ɗaya mai tsara layi. Mai gini ya fi saurin yarda in ya san wanda zai kira idan an yi rigima.

Daga wani ɗan kwamitin 'yan kasuwa, Kusiri: Mun yi karo-karo za mu shimfiɗa pave a gaban rukunin shagunanmu. Na maƙwabtanmu bai shekara biyu ba ya lotsa, ya yi tudu da kwari. Me za mu kiyaye?

Amsa: Alhaji, pave ba ya lalacewa daga sama, daga ƙasa yake lalacewa, kuma a yankinku ƙasar ce matsala. Baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake noman masakwa a kanta, tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage in ta bushe. Duk abin da aka ɗora mata kai tsaye sai ya bi motsinta. Don haka a fara da ƙwaƙule ta, santimita 40 zuwa 50 a inda mota za ta hau, a cike da yashi mai tsakuwa ko burji. Cikon ba a zuba shi gaba ɗaya. Santimita 15 ake zubawa, a yayyafa ruwa har in ka dunƙula a hannu ya kama ba tare da ya ɗiga ba, a bi da injin daddaɓewa sau da yawa, sannan a ƙara wani 15. Lebura da tabarya ba zai iya wannan aikin ba, ku yi hayar inji.

Kafin a kai ga haka akwai abin da ya riga shi. Duk abin da zai bi ƙarƙashin ƙasa a gama shi tukuna: kwata, bututun ruwan famfo, wayar lantarki, har da bututun roba biyu ko uku da babu komai ciki, a tsallaka da su a toshe bakinsu don buƙatar gaba. Yawancin daɓen da kuke gani ya farfashe ba tsufa ya yi ba, haƙa shi aka yi bayan wata shida don jan ruwa zuwa shago ɗaya, aka mayar ba tare da daddaɓewa ba.

Bayan ciko sai dutsen gefe, a kafa shi cikin kankare, domin shi ke riƙe duwatsun kada su baje. Sai yashi mai laushi santimita 3 zuwa 4, kar ya wuce haka. Magina suna son kaurara yashi don su ɓoye rashin daidaiton cikon, kuma nan ne lotsawa ke farawa. Saman ya gangara santimita 2 a kowace mita zuwa wajen kwata, ba zuwa ƙofar shaguna ba. Kaurin dutsen santimita 6 ne ga masu tafiya da babura, 8 ga ƙananan motoci, 10 ko fiye a inda manyan motoci ke sauke kaya. A ƙarshe a share busasshen yashi cikin tsagogin, a bi da inji, a sake sharewa.

Ga yadda za ku kama mai buga dutsen in yana cin siminti. Kankaren pave yana son aƙalla kilo 350 na siminti a kowace mita 1 bisa 1 mai zurfin mita 1, wato buhu 7 masu kilo 50. Da wannan haɗin buhu ɗaya yana ba da kusan murabba'in mita 1.8 na dutse mai kaurin 8, ko 2.4 na mai kaurin 6. Wanda ya ce zai fitar muku da murabba'in mita 4 daga buhu ɗaya, yashi zai sayar muku. A kuma shayar da duwatsun ruwa a inuwa aƙalla mako guda bayan bugawa, kada a shimfiɗa su sai sun yi mako uku zuwa huɗu. Ku sayi ƙarin kashi 5 cikin 100 ku ajiye, don ranar gyara ba lallai a samu irin zubin ba.

Daga wata malamar makaranta, Garwa: Na ga hotunan manyan kantunan Duwala da Yawunde, gilashi ko'ina. Me ya sa namu ba za su yi haka ba? Kuma me ya sa itatuwan da ake dasawa ranar buɗe gini ba sa kai shekara?

Amsa: Malama, Douala Grand Mall da aka buɗe a ƙarshen 2020 da PlaYce na Yawunde da ya biyo baya a 2022 rufaffun gine-gine ne da na'urar sanyaya ɗaki ke riƙe da su. A Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, bangon gilashi mai kallon yamma yana tara zafin da sai an ƙona kuɗi da yawa kafin a fitar da shi, kuma ranar da aka ɗauke wuta ba mai iya zama ciki. Kuɗin nan a kan hayar shago yake komawa. Abin da ya dace da mu baranda ce mai zurfin mita 2.5 zuwa 3 a gaban shaguna, da rufi mai tsayi da iska ke bi ta ƙarƙashinsa, da tsakar gida mai itatuwa. Wanda ya taɓa tafiya ƙarƙashin darbejiyar titunan Marwa da azahar ya san inuwa ce ke sa mutum ya tsaya ya yi ciniki.

Itatuwan kuwa ƙishirwa da awaki ke kashe su, sai ƙanƙantar rami. Ramin da ake bari a tsakiyar daɓe sau da yawa bai fi faɗin bokiti ba, ƙarƙashinsa kuma ɓaraguzan gini ne. Rami ya zama mita 1 ta kowane gefe da zurfin mita 1, a cika shi da ƙasar noma kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a bar bakinsa a buɗe ba siminti. A dasa a Yuni ko farkon Yuli, lokacin da damina ta kankama, ba ranar da manyan baƙi za su zo yanke ƙyalle ba. A kewaye da raga ko bulo mai ƙofofi har tsayin mita 1.5. Daga Nuwamba zuwa saukar ruwa kowace bishiya tana son lita 20 sau uku a mako, rani biyu a jere. Bishiya 40 ke nan lita 2,400 a mako, kuma sai an san tun farko wa zai kawo wannan ruwan, wa zai biya. Darbejiya tana jure fari kuma tana saurin girma, amma saiwarta tana ɗaga daɓe tana shiga kwata, don haka a nisanta ta mita 2 zuwa 3 daga magudana da harsashin gini. Maɗaci yana da jinkiri, inuwarsa kuwa ta gadon jikoki ce. Tsakanin bishiya da bishiya mita 8 zuwa 10. Kada a dasa mangwaro a wurin ajiye motoci, saboda jifan yara.

A ƙarƙashinsu a sa bencin kankare ko na katako. Na ƙarfe ba ya zaunuwa da rana. A kuma tuna da makewayi na maza da na mata dabam, da wurin alwala mai magudana. Ginin da ba shi da su, bayan katangarsa ne zai zama makewayin.

Daga wani mai shagon atamfa da shadda, Marwa: Shekara shida ina haya. Mai gidan ya ce zai rushe tsofaffin shagunan ya gina na zamani, in kwashe kayana cikin wata ɗaya. Haka doka ta ce?

Amsa: A'a, Alhaji. Hayar wurin sana'a a Kamaru, haka ma a Chadi, tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashen Afirka da dama suka yi tarayya a kanta, kuma dokar ta amince da haya ko da ba a rubuce take ba, in dai akwai shaida irin rasiɗin biyan kuɗi. Wanda ya yi sana'a shekara biyu a wuri bisa sharuɗɗan hayar ya samu haƙƙin a sabunta masa. Idan hayarku ba ta da ranar ƙarewa, mai son kawo ƙarshenta sai ya ba da sanarwar wata shida a hukumance, ba da baki ba. Idan tana da ranar ƙarewa, kai ne za ka nemi sabuntawa aƙalla wata uku kafin ranar, ta hannun wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, ko ta hanyar da za ta bar shaidar cewa takardar ta isa hannunsa. Wanda ya bari wata ukun nan suka shige masa ya zubar da haƙƙinsa, kuma a nan ne 'yan kasuwa da yawa ke faɗuwa.

Mai gida yana da ikon ƙin sabuntawa ba tare da biyan diyya ba idan da gaske rushewa zai yi ya sake gini, amma sai ya nuna irin aikin da zai yi. Kai kuma kana da ikon zama har ranar da za a fara rusau, kuma kana gaban kowa wajen samun shago a sabon ginin. Idan sabon ginin bai dace da sana'arka ba, ko ba a ba ka wuri ba, diyya ta hau kansa. Ka lura, wannan ya shafi ginin ɗan kasuwa ne. Rumfar da ke kan filin jama'a hukuncinta dabam, kamar yadda muka faɗa wa Hajiya a sama.

In ka koma sabon ginin, kada ka tsaya kan kuɗin haya kaɗai. Ka nemi a rubuta kuɗin hidimar gama-gari, wato gadi da shara da wutar baranda da man janareta, da yadda ake raba shi. Adalci shi ne bisa faɗin shago. Ka nemi mitar wutarka dabam. Mai kayan yadi kuma ya duba lantarki da kyau, don gobarar kasuwa galibi daga haɗin waya barkatai take tashi: kowane shago da abin katse wutarsa, tukunyar kashe gobara mai kilo 6 a kowane murabba'in mita 200 da kowane hawa, matakala biyu a gefe dabam-dabam, da hanya mai faɗin mita 4 da ba a kasa kaya a kanta don motar 'yan kwana-kwana. Lambarsu 118.

Daga wani mai gadi, Gaundare: Fitilun sola da aka kafa a filin gaban ginin da nake gadi, ƙarfe goma na dare sun mutu. Ba su shekara ba. Gyaruwa suke?

Amsa: Baba, wani lokaci tsumma da ruwa ne maganin. Ƙurar hunturu tana rufe faifan, batir ba ya cika. A goge shi duk bayan mako biyu daga Disamba zuwa Maris, da safe kafin ya yi zafi. A duba kuma ko reshe ko allon talla ya yi masa inuwa, da ko faifan yana kallon kudu da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15.

In an goge bai canza ba, to tun wajen saye aka yi kuskure. Fitila mai wat 40 da za ta ci awa 11 tana buƙatar wat-awa 440 a dare, ko kamar 300 in an saita ta ta rage haske bayan sha biyun dare. Wannan yana son faifai mai wat 120 zuwa 150 da batirin litiyom mai bolt 12.8 da amfiya-awa 60, don ya ɗauki dare biyu in an yi hadari, muddin an saita ta ta rage hasken. Irin waɗanda ake sayarwa a dunƙule, an rubuta wat 300 a kwali alhali faifan bai fi faranti ba, ba za su kai asuba ba. Batirin dalma kuma zafi ke cinye shi: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kwanansa da kusan rabi, ga shi ana kulle shi cikin akwatin ƙarfe a rana. Turaku masu tsayin mita 6 a jera su mita 20 zuwa 25 tsakani, a sa batirin can sama da kusoshin da sifana ta kasuwa ba ta kwancewa.

Ka gaya wa mai ginin ya nemo takardar sayen, ya ga ko akwai garanti. Ya kuma zauna da meri su rubuta, a takarda ɗaya mai sa hannun ɓangarorin biyu, wa ke da fitilu, wa ke yashe kwata a watan Mayu da kuma tsakiyar Agusta, wa ke shayar da itatuwa, wa ke kai shara inda motar kwasa za ta ɗauka, da adadin da kowane shago zai riƙa zubawa a wata don wannan. A ware a ciki kuɗin sauya batura, tunda ko na litiyom ne wata rana zai gaji, a kuma ajiye tsani mai kaiwa mita 6 a ɗakin masu gadi.